Ranar ban kwana da Fogo, tsibirin wuta

Wani taron ƙwararru a kan sha'anin fari da tanadin cimaka ne ya kai mu ƙasar Kap-Ber a ƙarshen watan Nuwamba, aikina kuwa a cikin tawagar shi ne fassara takardu. Da aka naɗe tabarmar taro a Praya, babban birnin ƙasar, masu masaukinmu suka ce ba ya kyautuwa baƙon da ya zo maganar fari ya koma gida bai taka tsibirin Fogo ba. Muka ƙetara, muka yi kwana uku a can. Labarin wuni na ƙarshe shi ne zan ba masu karatu a yau, saboda a ranar ne na sami amsar tambayar da ta hana ni sakat tun saukarmu: me ke sa mutum mai hankali, da iyali da dabbobi, ya koma ya gina ɗakinsa a bakin dutsen da ya riga ya cinye masa gida?

Ga wanda taswira ta kwanta masa, Kap-Ber tsibirai 10 ne a cikin tekun Atalantika, kimanin kilomita 600 yamma da Dakar, 9 daga cikinsu ne ke da mutane. Jama'ar ƙasar duka wajen rabin miliyan ce, wato ba ta kai rabin jama'ar Yamai ba. Ta karɓi mulkin kai daga hannun Turawan Fotugal ran 5 ga Yuli 1975, ba ta jima ba kuma ta shiga ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel masu yaƙi da fari, wadda aka kafa a 1973, wadda cibiyarta ta Agrhymet take nan Yamai. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan ƙasar da teku ya kewaye ta ko'ina da ƙungiyar fari? To, ruwan teku ba ya shayar da masara. Damanarsu gajeriya ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ita ma in ta ga dama, kuma akwai shekarun da takan wuce ba ta ko leƙo ba.

Fogo kuwa, a harshen Fotugal, ma'anarsa wuta. Tsibirin duka dutse guda ne da ya taso daga ƙarƙashin teku, a kewaye kamar ƙwaryar da aka kife, faɗinsa wajen kilomita 25, mazaunansa dubu 30 da ɗoriya. Ƙololuwarsa, wadda ake kira Piko, tana da tsayin mita 2829. Don a kwatanta, wuri mafi tsayi a ƙasarmu, can bisa duwatsun Bagazam na Ayar, mita 2022 ne. Sunan ya samo asali daga aman wutar da dutsen ke yi, kuma hasken wanda ya yi a 1680 ya daɗe yana zame wa matuƙan jiragen ruwa fitila da dare.

A nan ne sana'ata ta so ta ba ni kunya. A makarantar horon malamai mun zana hoton dutse mai aman wuta a allo, mun haddace sunayen sassansa da Faransanci, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda zan faɗe su ga mahaifiyata ba. Abin nan da ke malalowa daga cikin dutsen, mai kauri kamar kunu, ja wur, zan kira shi narkakken dutse. In ya huce ya daskare, babu abin da ya fi kama da shi irin kashin maƙera, baƙi, mai huji-huji, mai kaifi. Ƙaton kwarin da ke saman tsibirin kuwa su kansu mutanen wurin sun rage mini wahala, don sunansa Shan das Kalderas, wato filin tukwane. Ni zan ce masa Tukunya.

A cikin Tukunya

A can muka yi kwananmu na ƙarshe. Ƙasan Tukunyar yana bisa teku da wajen mita 1700, faɗinta kilomita 9, kuma wata ganuwar dutse a tsaye cak, mai tsayin da ya kai mita 1000 a wasu wurare, ta kewaye ta ta arewa da yamma da kudu. Ta gabas babu ganuwa. Masana ilimin ƙasa sun ce wannan ɓarayin ya zame ya afka teku kimanin shekara dubu 73 da suka wuce, kuma wani bincike da Rikardo Ramalyo da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa ambaliyar da faɗuwar ta tayar ta ɗauki duwatsu masu nauyin ɗaruruwan tan ta aza su bisa tudun tsibirin Santiyago, nisan fiye da kilomita 50, a wuri mai tsayin wajen mita 200 daga fuskar teku. Piko na yanzu a cikin wannan gurbi ya sake tsirowa.

Sanyi ne ya tashe ni kafin asuba, irin na tsakiyar hunturun Agadas. Mai gidan da ya sauke mu, wani dattijo mai jan ido da taushin magana, ya riga ni fitowa. Da ya ga na ɗauki buta ina waige-waige sai ya buɗe murfin tankin siminti da ke tsakar gida, ya ɗebo mini ruwa da gwangwani. Ruwan sama ne da ya gangaro daga rufin ɗaki tun watan Satumba, da shi ake sha, da shi ake dafuwa, da shi ake lallaɓawa har wata damana. Na yi alwala da abin da bai kai rabin buta ba, ina jin nauyin kowane ɗigo. Da na fuskanci alƙibla, Piko na hannuna na dama, baƙi ƙirin, ya toshe taurarin wannan sashe duka. Bayan na sallame na ga abin da ban taɓa gani ba: rana ta fara taɓa kan ganuwar yamma, ya yi ja kamar garwashi, hasken na saukowa a hankali, mu kuwa a ƙasa muna cikin duhu har kusan awa guda.

Ni da aikina tafinta, a wannan tsibiri sai da na nemi tafinta. Harshen hukuma na Fotugal ne, na gida kuwa Kiriyolu, ba na jin ko ɗaya. Allah ya sa direbanmu ya yi zaman neman kuɗi a Dakar, yana jin Faransanci, ta bakinsa muka yi hira da dattijon. Shi ne ya koya mini cewa in za a girmama namiji sai a ce masa «Nyo», mace kuma «Nya». Na ce masa a wurinmu Baba za a ce. Dattijon ya yi dariya, ya ce ya karɓa.

Muka sha kafe, irin wanda ake nomawa a gangaren Moshteiros, arewa maso gabashin tsibirin, inda iska ke kawo gajimare daga teku. Sa'an nan Baba ya ce mu tashi ya nuna mana garinsu. Muka yi tafiyar minti kamar goma a bisa kashin maƙeran nan, wanda ke ƙara a ƙarƙashin ƙafa kamar ana taka fasassun kwalabe, har takalmina na fata ya tsage a gefe. Ya tsaya, ya nuna ƙasa da sanda. Na duba, sai ga kusurwar rufin siminti ta leƙo daga cikin baƙin dutsen, da guntun ƙarfe a lanƙwashe. Can gaba ga wani, can ga wani. Ashe tun ɗazu bisa gari muke tafiya.

Ran 23 ga Nuwamba 2014 ne ƙasa ta tsage a gindin Piko, dab da inda ta tsage ran 2 ga Afrilu 1995. Kafin nan ta yi a 1951. Duka ukun ba ta ƙololuwa wutar ta fito ba, ta haƙarƙari ta ɓullo. Na 2014 ya ɗauki kwanaki har farkon Fabrairu 2015. Tun da wuri narkakken dutsen ya yanke hanyar mota, daga baya ya shiga ƙauyukan Portela da Bangayera ya binne mafi yawansu, har da sabon ginin hukumar gandun dajin wurin, wanda aka buɗe ƴan watanni kafin nan. An kwashe mutane wajen dubu guda. Babu ko rai ɗaya da ya salwanta, haka ma a 1995.

Wannan magana ta ƙarshe ita Baba ya fi nanatawa. Ya ce wuta tana da kunya, ba ta shigowa ba sallama. Ƙasa takan yi ta girgiza tukuna, sa'an nan in abin ya fito, a kusa da baki ne yake gudu, kafin ya iso gari ya zama kamar tsohuwa mai sanda. Sun sami sukunin kora awaki da shanu, sun ciro ƙofofi da tagogi, sun ɗauke katifu da tukwane sun haye da su gindin ganuwa. Daga can suka zauna suna kallon ɗakunansu na shiga ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya ce nasa a rana ta goma sha wani abu ya tafi, da hantsi, kuma abin da ya fi ci masa rai ba ɗakin ba ne, wata itaciyar ɓaure ce da mahaifinsa ya dasa.

Sai na yi masa tambayata. Na ce, Baba, an ce bayan wutar 1995 an gina muku gidaje a waje, a Ashada Furna da Monte Girande, me ya dawo da ku? Bayan ta 2014 kuma me ya sake dawo da ku, har wasu suka aza tubali bisa dutsen da bai gama hucewa ba, daɓen ɗaki na ƙona ƙafa?

Bai amsa ba. Ya juya, muka bi shi zuwa wani gangare da wutar ba ta hau ba. Ƙasar wurin baƙar tsakuwa ce zalla, marar nauyi, busasshiya ƙamas, wadda in manomin Adar ya gani zai rantse ko ƙaya ba za ta tsiro ba. Amma ga ramuka jere, kowanne kamar faɗin kwando, a cikin kowane rami ga kurangar inabi ta baje a ƙasa ba tare da an kafa mata sanda ba. Tsakaninsu ga tuffa, ga rumman, ga ɓaure, ga wani wake mai itace da suke kira kongo. Baba ya durƙusa, ya sa hannu ya yi ta tono har gwiwar hannunsa ta nutse, ya damƙo ƙasa ya zuba mini a tafi. Danya ce sharaf, mai sanyi, alhali an yi makonni ba a ga ruwan sama ba.

Bayanin abin ba shi da wuya. Tsakuwar da dutsen ke watsowa tana da huji kamar soso, ruwa na ratsa ta nan take ba ya gudu, sa'an nan ta zama murfi, ta hana rana da iska su tsotse laimar da ke ƙasa. Ramin kuma yana tara ɗan abin da ya sauka, yana kāre tsiron daga iska. Ina ganin haka sai tassa ta faɗo mini a rai, ramukan nan da manoman Illela da Badagishiri ke haƙawa a fako su zuba taki, da rabin-watan da aka cika tuddan Keita da su tun daga 1984. Dabarar guda ce, sai dai su murfin nasu dutsen ne ke ba su kyauta, kuma shi ne ke dawowa bayan shekara ashirin ko arba'in ya karɓi ladansa. Inabin nan, in ya nuna, akasarinsa giya ake yi da shi, wadda ta yi suna a ƙasar duka. Wannan ba abin shanmu ba ne, amma shi ke biyan kuɗin makarantar ƴaƴansu, tare da ɗan abin da samari ke samu in sun raka baƙi hawan Piko.

Ya ce gidajen da aka ba su a waje ba su da laifi, suna da ƙofa da taga, har wasu na ajiye da makullansu don ranar gudu. Abin da babu a can shi ne gona. Mutum ya tashi da safe ya zauna a ƙofar ɗaki, ya jira me?

Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, ni ma'aikacin hukuma ne, kuma na san hujjar hukuma. Hanyar fita daga Tukunya ƙalilan ce, kowace makaranta da aka gina a ciki an san wata rana za a sake gina ta, kuma babu wanda ya yi alkawari cewa wuta ta gaba za ta yi irin kunyar ta baya. Wanda amanar rayuka ke wuyansa dole ya ce a fita. Amma na tuna takardun da na sha fassarawa bayan ambaliyar kogin Kwara a Yamai, ta 2012 da ta 2020, masu kira ga mazauna bakin ruwa su koma kan tudu. Na fassara su da zuciya ɗaya, ina mamakin taurin kan masu komawa. Ban taɓa tambaya ko a kan tudun akwai wurin dasa albasa da jefa taru ba.

Gangara zuwa teku

Wajen ƙarfe tara da rabi muka yi sallama. Hanyar ta fita ta kudancin ganuwa, ta yi ta lanƙwasa tana gangarawa, an shimfiɗe wani sashenta da ƙananan baƙaƙen duwatsu da aka jera da hannu, motar na rawa kamar ana tankaɗe. Muna fita sai teku ya bayyana a ƙasa, shuɗi har iyakar gani, kunnuwana suka toshe saboda saurin saukar. Muka ratsa Ashada Furna, na ga gidajen da aka yi magana, jere, wasu a rufe. Daga nan ƙasa ta koma ja-ja, irin wadda na sani. Ga gonakin masara a kan matakalan dutse, karan bai wuce ƙugu ba, ya bushe da zangarniyar da ba ta cika ba. Ga kago na dutse mai rufin ciyawa, wanda suke kira funku. Ga jaki da jarkoki biyu, yarinya na binsa da tsumagiya. In ba don tekun ba, sai in ce tsakanin Tawa da Keita nake.

A nan ne direban ya ce, ku baƙi kullum wuta kuke tambaya, alhali abin da ya cika maƙabartun Fogo ba ya da hayaƙi. Maganarsa gaskiya ce, tarihi ya tabbatar da ita. Yunwar 1941 zuwa 1943, da wadda ta biyo baya a 1947 da 1948, sun kashe mutane wajen dubu 45 a ƙasar, kuma a ta farkon Fogo ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arsa. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan a garinsu: kowane gida mai mutum shida a fitar da gawa biyu. A Praya, ran 20 ga Fabrairu 1949, katangar wurin da ake raba wa mayunwata abinci ta rushe a kansu, ta kashe fiye da 200. Takardun mulkin mallaka na lokacin sun fi son su kira abin da kalmar «crise», wato matsi, maimakon su ambaci yunwa da sunanta. Wannan ya taɓa ni a matsayina na mai fassara, don na isa hankali a 2005, lokacin da aka yi ta gardama a ƙasarmu ko yunwa za a ce ko ƙarancin cimaka, alhali mata na tonon gidan tururuwa.

Mu ma mun san fari. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga 1973 da 1984. Amma akwai wani bambanci da ban taɓa lura da shi ba sai da na tsaya a wannan gangare. Bahaushe ko Buzu, in rumbu ya ƙare, yana da ƙafa. Ya ɗaure ƙunshinsa ya yi kudu, Maraɗi, Katsina, Kano, ya ci rani ya dawo da mudu. Mahaifina da ƙafa ya kai mu ga rai a 1984, tun ba a haife ni ba. Mutumin Fogo kuwa, duk inda ya nufa, tafiyar wuni guda za ta kai shi bakin ruwan da ba a sha, ba a kuma ƙetarewa sai da jirgi. A shekarun 1941 zuwa 1943 duniya na cikin yaƙi, jirage sun yi wuya. Waɗanda suka sami fita daga baya, da yawansu kwantaragin aikin gandun koko ne ya kai su tsibirin Sawo Tome, aikin da bai fi bauta da yawa ba. Amilkar Kabral, jagoran neman ƴancin Gine-Bisawo da Kap-Ber, wanda aka kashe a Konakiri a 1973, yana saurayi ya ga wannan yunwa da idonsa, kuma ilimin aikin gona ya je ya karanta a Lisbon, ya yi rubutu a kan zaizayar ƙasa tun kafin ya shiga gwagwarmaya.

Abin lura shi ne, farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya daɗe ƙwarai a Kap-Ber, amma ba a sake ganin mutuwa irin ta da ba. Bayan mulkin kai an ɗauki talakawa aikin gina matakalan dutse da madatsai da dashen itatuwa ana biyansu, an sayar da hatsin taimako an zuba kuɗin cikin waɗannan ayyuka, ƴan ƙasar da ke waje kuma ba su daina aike ba. Har yanzu mafi yawan abin da ake ci a ƙasar daga waje jirgi ke kawo shi. Da na haɗa wannan da abin da na gani da safe, sai lissafin Baba ya fito mini sarai: a tsibirin da ƙishirwa ta kashe dubbai, wuta kuwa a zamaninsa ba ta kashe kowa ba, ƙasa mai laima ita ce wurin tsira, ko da a bakin murhu take.

Ba mu tsaya a San Filipe ba da farko, muka zarce arewa da bin gaɓa zuwa wani wuri da ake kira Salina. A nan ne mutum ke ganin inda wuta da ruwa suka yi karo. Narkakken dutsen zamanin da ya gangaro har cikin teku ya daskare a yadda ya iso, ya bar harsuna baƙaƙe masu tsini, da koguna, da wata ƙofa mai lanƙwasa kamar bakan ginin soro, wadda teku ya fafe da kansa. Raƙuman ruwa na tasowa daga nesa, su daki dutsen da ƙara kamar aradu, farin kumfa ya tashi sama da tsayin rimi, ya zubo, ya tsiyaye ta cikin hujojin. A ƙananan kwarmin dutse ruwan da ya maƙale ya bushe ya bar gishiri, na lakata na ɗanɗana, ya fi na Bilma ɗaci. Ni ɗan tudu ne, iyakar ruwan da na sani shi ne kogin Kwara da tabkin Madarunfa, saboda haka ban matsa kusa ba, kuma ban ji kunyar hakan ba.

A bayan duwatsun akwai wani ɗan lungu da ruwa ke lafawa, nan masunta ke jawo kwale-kwalensu, masu fenti ja da shuɗi da rawaya, su kife su bisa baƙin rairayi. Mun tarar da wasu sun dawo, mata na jira da manyan robobi. Kifi biyu kawai na gani masu girma, sauran ƙanana. Na lura da yadda suke shigowa: sai su tsaya a waje suna ƙirga raƙuman ruwa, su bar manya su wuce, sa'an nan su tuƙa da ƙarfi gaba ɗaya su bi bayan ƙarami. Wanda ya yi kuskuren ƙirga, dutsen nan mai kaifi na jiransa. Tsibirin ba shi da gaɓa mai sauƙi, kusan ko'ina hayi ne a tsaye, shi ya sa duk yawan kifin tekun bai hana yunwa ba a shekarun da muka ambata.

Muka komo San Filipe bayan azahar. Gari ne mai tsabta, a bisa hayi, titunansa na gangarawa zuwa teku. Abin da ya yi suna da shi shi ne tsofaffin benaye da ake kira sobradu, masu baranda ta katako, inda a zamanin da iyayen gida ke zaune a sama, bayi da barori a ƙasa. Da auduga aka tara wannan dukiya. Bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma su ne suka noma ta, suka saƙa ta zugu-zugu a kan masaƙa irin ta masaƙanmu, aka rina da baba, aka koma da zannuwan gaɓar Gine ana sayen wasu bayin da su. Na daɗe ina kallon wani zane da aka rataye a wani shago, saƙar kamar ta gidanmu.

Muka ci kacupa, abincin ƙasar, masara ce da wake ake dafawa tare har su yi laushi, kusan dambu kusan fate. Na roƙi a ba ni wadda aka yi da kifi, aka ba ni ba tare da an yi mini wani kallo ba. A ƙofar gidan abincin ga wata babbar tano mai shuɗin fenti, da adireshin Amurka a jikinta. Direban ya ce da wuya ka sami gida a Fogo da ba shi da wani a can, musamman a garuruwan Brokton da Niyu Bedfod, hanyar da aka buɗe tun zamanin da jiragen Amurka masu farautar manyan namun teku ke ɗibar ma'aikata a nan da tsibirin Brava. Tufafi, shinkafa, mai, takalman yara, duk a tano suke zuwa. Cin ranin nasu ke nan, sai dai mai tafiya yakan yi shekara ashirin bai ga damanar gida ba.

Da sauran awa guda, na ce sai na taka rairayin da ke ƙarƙashin garin. Muka sauka ta wata doguwar gangara. Baƙi ne wuluk, mai laushi kamar kwalli, yana ƙyalli. Na tuɓe takalmin nan nawa da ya tsage, na taka, ban yi taku biyar ba na dawo da gudu, yara masu ƙwallo na ta dariya. Rairayin Tenere da tsakar rana bai kai shi zafi ba, don baƙin abu ya fi riƙe rana. Na sami wata kwalbar ruwa da ba kowa a ciki na cika ta da shi, saboda na san in na faɗa a gida cewa akwai ƙasar da rairayinta baƙi ne, ƙannena za su ce tafiya ta koya mini ƙarya.

Ina cikin rufe kwalbar direban ya taɓa kafaɗata ya nuna yamma. Tsibirin Brava, wanda muke hange sarai tun safe, ya dushe, sai inuwarsa. Na waiga gabas, kan dutsen ma ya fara shiga wani farin hayaƙi-hayaƙi. Ya ce da alama «bruma seka» ce ta soma, busasshen hazon da ke zuwa musu daga nahiya tsakanin ƙarshen shekara da farkon wata, wanda in ya yi kauri yakan hana jirage sauka kwana da kwanaki. Ban bukaci tafinta ba a wannan karo. Na shaƙi iskar, na ji maƙogwarona ya bushe yadda ya saba. Hazonmu ne na hunturu, ƙurar Sahara, ya yi tafiyar dubban kilomita bisa ƙasa da teku ya iske ni a nan. Da na faɗa wa direban haka, ya ce to in roƙi mutanenmu su rage aiko musu da shi, su aiko da gero.

A filin jirgin sama muka zauna jiran tsammani, mu wajen talatin, kowa na leƙen sama ta taga. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, da kwalin cuku na awaki a cinya, za ta Praya ne ta kama jirgin Boston wurin ɗanta, ta riƙa jan carbinta na Kirista, ni ma na jawo nawa. Jirgin ya makara da fiye da awa guda, amma ya sauka kafin rana ta faɗi. Ma'aikacin da ke duba kaya ya ɗaga kwalbar rairayin, ya jijjiga ta, ya dube ni, ya mayar cikin jaka bai ce kome ba. Da muka tashi, garin da gaɓar da baƙin rairayin duka suka nutse cikin hazo nan da nan, sai kan Piko kaɗai ya rage a sama, ta tagar hagu, har muka juya muka nufi Santiyago. Tafiyar ba ta fi rabin awa ba.